Kira Ɗaya a Tungar Baushe

Daka ake yi a ƙarƙashin ruwan dam ɗin nan. Ku tambayi duk masuncin da kuka ga dama. In rana ta take, iska ta kwanta, ka kifa kunnenka a cikin kwalekwale, za ka ji shi: dum, dum, sai tafi ɗaya, dum, dum, sai tafi. Masunta sun ce aljanu ne. Ni ranar da aka kai ni na saurara, ɗaurin zanena kawai na gyara, don na san hannun. Mutum ɗaya ke wannan dakan a duniya, ita ce Innata.

Garinmu ne a ƙasan, Tungar Baushe. Shekara hamsin ke nan da aka datse kogi, aka zo da manyan motoci aka kwashe mu zuwa tudu. Kowa ya hau ban da Inna. Ta ce ruwa baƙo ne, in ya zo za ta shimfiɗa masa tabarma. A lokacin ɗana na fari yana hannunta, tun yaye ta ɗauke shi, ya kai shekara huɗu amma ba ta daina goya shi ba. Sai na yi wata dabara wadda nake ganin wayo ce. Na kwance shi daga bayanta na miƙa shi cikin mota, wai za ta biyo yaron. Ba ta biyo ba. Ta tsaya a bakin zaure da zanen goyon a hannu, ni kuma haushi ya hana ni ce mata sai wata rana. Da maza suka koma da kwalekwale, ruwa ya rufe har kan rumbu.

Ni ba na mantuwa. Wadda ta zo mini barka na je mata, wadda ta ƙi taka ƙafarta ranar da mijina Malam ya rasu na san ta, ita ma ta san na sani. Duk garin nan ba mai bina ko gaisuwa. Sai Inna. Ita tana bina sallama.

Ɗan nan nawa walda yake yi. Kada ku jira in faɗi sunansa, ba a gidan da uwa ke kama sunan ɗan fari aka raine ni ba. Ga shi da furfura yanzu, amma ban taɓa kiransa ba, ban taɓa zama na ƙare wa fuskarsa kallo ba. In ina nemansa sai in ce wa matarsa, "Ina mai gidan naki?" In ya zo gaisuwa ya durƙusa a bakin ƙofa, ni in juya wajen bango in amsa. Mutanen gari Injiniya suke ce masa, rabi girmamawa rabi tsokana.

Shekara uku ya yi yana fama da wani tsohon tankin motar mai. Ya yanka, ya liƙe, ya sa masa gilashi mai kauri a gaba da murfi a sama. Aka sa wa abin suna Tulun Injiniya, har masu shayi suna cewa ya gina wa kansa kabari mai taga. Rannan da hantsi ya durƙusa a ƙofata.

"Iya, sau bakwai na gwada shi. Na sauka har kan bishiyoyi. Wurin zama biyu na yi."

Na tambayi bango, "Da wa za a je?"

"Da wanda ya san hanyar gidan. Ni ƙofar zauren kawai nake tunawa."

Na ce masa a daka mini guzuri ranar Talata. Wato in ya so mu tafi ranar.

A bakin ruwa ya tsayar da ni ya yi mini karatu, ni ina kallon tulun, shi yana kallon ƙasa.

"Iya, a ciki iska ita ce komai. Wannan doguwar tukunyar oksijin ce, iskar numfashi, ga famfonta a gefenki. Wannan faranti farar ƙasa ce, fanka na kaɗa mata iska tana shanye mugun numfashin da muke fitarwa. In ta shanye, iskar ɗakin ta ragu, sai ki ga balan-balan ɗin nan da na rataye ya kumbura. Ki buɗe famfo kaɗan har ya koma daidai da zoben wayar da ke kewaye da shi, ki rufe. In kika ga ya tsuke, kin zuba da yawa, kunnuwanmu za su gaya mana."

"Awo ne dai. In ya yi ƙasa a cika, in ya yi tozo a share. Sai me?"

"Sai babba. Mugun numfashi ba ya sallama, barci yake sa mutum mai daɗi. Don haka duk bayan ɗan lokaci ki juyo ki dubi leɓena, ki kira ni in amsa."

Na ce, "A'a."

"Iya, rai ne fa."

"Ga zobe a hannuna. In ƙwanƙwasa ƙarfe sau biyu, ka ƙwanƙwasa sau biyu. Magana ta ƙare."

Ya ce to. Na shiga na zauna a gaba wajen gilashi, shi a bayana wajen injin. Ya ja murfi ya ɗaure. Masunta suka ja mu da kwalekwale har inda ake jin dakan, suka sake igiya.

Ruwa ya hau gilashi. Da fari kore, sai ya koma kamar ruwan tsamiya, sai duhu, ya kunna fitilar mota. Ƙarfen ya fara kuka kamar tsohuwar ƙofa. Balan-balan ya kumbura, na buɗe famfo, ssss, ya koma cikin zobensa, na rufe. Na ƙwanƙwasa biyu, ya ƙwanƙwasa biyu. Muka wuce ta kan giginyoyin bakin gari, suna nan tsaye, ganye duk ya zube, kifi na kai da kawowa a tsakaninsu kamar tsuntsaye. Sai ga kukar ƙofar gabas, wadda muke hutawa a gindinta in mun dawo daga itace. Sai tulun ya tsaya cak kamar an riƙe shi.

A kan reshen kukar wani dattijo ne zaune. Daga wuya zuwa ƙasa mutum, da babbar riga wadda ruwa ke kaɗawa, kansa kuwa na tarwaɗa ne, gashin bakinsa ya kai tsawon igiyar guga. Ya sa ido ɗaya a gilashi, muryarsa ta shigo ta cikin ƙarfe.

"Aminci ga masu numfashi, in da aminci suka zo. Ni ne Sarkin Ƙofa. Ku nawa ne a cikin tulun nan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mu biyu ne. Ni Tabawa, 'yar garin nan, da wanda ya kawo ni."

"Ya ke Tabawa, ba a fara baƙunci da ƙarya. Numfashi uku nake ji. Biyu manya, ɗaya ƙarami mai sauri."

To, a nan asirina ya tonu. Wa ke zuwa gidan uwarsa bayan shekara hamsin hannu rabbana? Kaza na ɓoye a cikin lulluɓina, baƙa mai ƙiba, na ɗaure mata ƙafa. Daga bayana na ji an ce, "Iya! Kaza? Iskar mutum biyu na auna!"

"Kazar nawa take shaƙa? Hancinta ko ƙwayar gero bai kai ba."

Ina fito da ita ta fizge, igiyar ta kwance. Ta yi fiffike ta dira cikin farantin farar ƙasa ta hau tono, yadda kaza ke yi. Ƙura ta tashi, muka hau tari, rabin farar ƙasar ta zube cikin ɗan ruwan da ya taru a ƙasan tulu ta zama kunu. Da ƙyar ya damƙe ta.

Sarkin Ƙofa ya yi dariya, kumfa ta fita ta kunnuwansa. "Tsarabar ta shiga hannun mai ƙofa." Ya miƙo hannu ta cikin ƙarfen kamar babu ƙarfe, ko ɗigon ruwa bai biyo shi ba, ya ɗauke kazar. Na gan ta a waje tana tafiya a kan reshe tana ƙoto, lafiya lau.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba taka ba ce, amma tunda ka karɓa, sai ka ba ni abin da ya kai ta."

"Kin iya ciniki. To saurara. Mu mutanen ruwa muna jin duk abin da kika faɗa. Amma akwai baƙinmu, 'yan Adam da ruwa ya tarar a gida suka karɓe shi da mutunci, muka riƙe su yadda muka same su. Su ba sa jin muryar mai numfashi sai sau ɗaya. Kira ɗaya gare ki a garin nan. Wanda kika kira zai ji, zai juyo. Bayan shi, ko kin tsaga maƙogwaro ba mai jin ki. Kin karɓa?"

"Na karɓa. Ɗaya nake nema dama."

Ya ɗaga gashin bakinsa, muka wuce.

Ina jin ɗan nan yana kwashe sauran farar ƙasar da hannu yana mayarwa faranti. Ya ce, "Iya, da lokacinmu ya kai daga hantsi zuwa azahar. Yanzu rabinsa ne, ko bai kai ba. Ko mu koma, in sake shiri?"

Muryar Sarkin Ƙofa ta biyo mu daga baya: "Ƙofar nan sau ɗaya take buɗe wa mutum."

Na ce, "Ka ji. Mu je."

Wallahi gari na nan yadda muka bar shi. Katangu ba su narke ba, dangogi ba su ruɓe ba. Wani haske ke fitowa daga ƙasa kamar na sassafe. Ga rijiyar unguwa da gugarta, ga masallacin da Malam ya fara ganina a bayansa ina tallan ƙuli. Ina nuna hanya da hannu, "Dama. Miƙe. Bi ta bayan marina." Dakan kuwa sai ƙara matsowa yake, har ina jin sa a ƙasusuwana.

Kaina ya fara sarawa kamar ana buga ƙusa. Numfashina ya koma gajere. Na ce a raina iska ce ta yi kaɗan, na kama famfo na murɗe shi da kyau. Ssssss! Sai kunnuwana suka toshe, suka hau zugi, balan-balan ya tsuke ya koma kamar busasshen lemo.

"Rufe, Iya, rufe! Ba ƙarancin iska ba ne, mugun numfashi ne ya yi yawa. Ko kin juye tukunyar duka ba zai fita ba, matse mu kawai za ki yi. Haɗiye yawu, ki toshe hanci ki hura."

Na rufe, na haɗiye, kunne ɗaya ya buɗe, ɗayan har yau bai gama dawowa ba. Sai na ji hannunsa ta kan kafaɗata yana miƙo wata roba irin ta asibiti da 'yar ƙaramar tukunya.

"Sa wannan a hanci da baki. Iskarta daban ce, mai tsabta."

"Kai fa?"

"Da tawa a nan baya."

Ban juya ba. Da na juya da na ga babu wata. Na sa roba, kaina ya washe, na ƙwanƙwasa biyu, ya ƙwanƙwasa biyu, muka faɗa kasuwa.

Kasuwar garinmu ce, amma masu cin ta ba namu ba ne. Mata ne dogaye, fatarsu kamar cikin kifi, gashinsu na tashi sama. Kowace da goruna a gabanta, an toshe bakinsu da kakin zuma, kowane gora an ɗaure shi da dutse don kada ya tashi. Suna ganin tulun suka yo caa suka kewaye mu, suna shafa ƙarfe, suna lasar ɗinkin walda. Babbarsu, mai awarwaron haƙoran kada, ta manna fuska a gilashi.

"Maraba da uwar tudu. Ni ce Magajiyar Kumfa. Na ji ɗakinki ya yi nauyi. Ga iska, sabuwa, mai sanyi. Gora ɗaya zai kai ki la'asar, biyu ki yini da wadda kika zo gani, ku yi hira har ku gaji."

Allah ya sani raina ya biya. Yini guda da Inna! Na ce, "Magajiya, a ina kuke noman iska a nan ƙasa?"

"Ba ma nomawa. Tsinta muke."

"A bakin wa?"

Ta ɗan kau da ido. "Wanda ruwa ya ci, numfashinsa na ƙarshe yakan taso. Mu kan tare."

"To na mutane ne ke nan. In na shaƙa, mai shi ya zo nema fa?"

"Sai ki mayar masa."

"Da wanne?"

"Da naki, uwar tudu. A ranar da ya ga dama."

Na ce, "Rufe gorarki. Abin da ban san ranar mayar da shi ba, ba ya shiga cikina. Ku ba mu hanya."

Suka yi wata irin shewa, ƙarfen ya ɗauka har fitila ta yi rawa. Magajiya ta ce, "Tunda ba ki saya ba, za mu raka ki kyauta. Mu ba ma gaggawa. Abin da ke cikin tulun nan, in ya taso, namu ne." Suka sa hannu suka ɗauki tulun kamar amarya, suka bi da mu lungun gidanmu. Na ji injin ya yi shiru, na ce ai don ana ɗauke da mu ne ya kashe. Na ƙwanƙwasa biyu. Aka ƙwanƙwasa biyu. Muka wuce gidan Sarkin Pawa, na sake, aka sake amsawa. Hankalina kwance.

Sai ga zauren.

Ga dutsen da ake zama a kai, ga tsagar da ke jikin katanga ta hagu, ga ƙyauren kara da na sha jan kunne a kansa. Ta saman danga ina hango taɓarya tana tashi tana sauka, in ta tashi na uku sai hannaye biyu su tafa a ƙarƙashinta. Hannayen kawai nake gani, da bakin ɗankwali mai ruwan bula. Shekara hamsin ina shirya abin da zan ce. Na cire roba daga bakina, na cika ƙirji.

Sai na ga mutum a waje, tsakanina da zauren, ya ba ni baya yana tafiya. Riga mai ƙunar walda a kafaɗa. Na san rigar, ni na ba matarsa sabulun da ta wanke ta.

Na ƙwanƙwasa biyu da ƙarfi. Aka amsa biyu, amma yanzu da na kasa kunne, daga waje amsar ta zo, ta wajen da Magajiya ke tsaye tana wasa da awarwaronta tana murmushi.

Na juya. Ranar na fara juyawa.

Yana kwance a jikin injin, kansa ya langaɓe, bakinsa a buɗe. Babu wata roba. Leɓensa ya yi launin toka. Na kama fuskar da hannu biyu na girgiza, ashe wushiryar Inna gare shi, ashe akwai tabo a girarsa wanda ban san ranar da ya same shi ba. Na ɗora masa robar, ƙirjin na motsi kaɗan-kaɗan kamar na ɗan tsako, amma mutumin ba ya ciki. Yana waje.

Na koma gilashi. Yana tafiya, kuma kowane taku sai ya ragu. Furfurar ta tafi, kafaɗun suka tsuke, rigar ta koma tana jan ƙasa. Kafin ya kai dutsen zama ya dawo ɗan shekara huɗu, yana ɗan gudun nan nasa mai karkata.

Na buga gilashi na ce, "Kai! Kai, dawo nan!"

Duk matan kasuwa suka juyo, da wasu halittu a kan katanga, da wasu a cikin rijiya, suka haɗa baki, "Na'am!" Shi ko waiwaye bai yi ba.

Sarkin Ƙofa ya sauko a hankali ya tsaya a gefen gilashi, kazata a hammatarsa.

"Ya ke Tabawa, ba a kiran baƙonmu da kai. Ɗanki ya shiga sahunsu. In ya tsallake zauren nan aka ba shi ruwan maraba ya sha, ya zama ɗan gida, gangar jikin kuma ta Magajiya ce. Kiranki na nan ba ki taɓa shi ba. Ga wadda ta haife ki a bayan danga, ga wanda kika haifa a bakin zaure. Zaɓi."

"Ranka ya daɗe, a ƙara mini ɗaya. Duk kajin gidana naka ne. Akuyoyina ma."

"Ko Sarkin Ruwa bai isa ya ƙara ba."

Taɓarya na tashi tana sauka. Taku biyar ne tsakanina da ita, in ce "Inna" ta ɗago, in ce ki yafe mini, na tafi ban yi miki sallama ba. Shi ke nan abin da na zo yi, ko minti ba zai ci ba. Yaron kuwa ƙafarsa ɗaya ta hau dokin ƙofa.

Tun ranar da liman ya raɗa masa sunan nan ban taɓa ɗora shi a harshena ba, ko a ɗaki ni kaɗai. Na rufe ido na ce,

"Haladu!"

Kun ji shi yau, kada ku sa ran ƙari.

Ruwan gaba ɗaya ya girgiza. Yaron ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama, ya waiwayo yana neman wanda ya kira shi, don bai san sunansa da muryata ba. Sai ya ɓace kamar an hure fitila. A bayana aka ja wani dogon numfashi, aka hau tari da kakari. Na danna masa robar na ce, "Shaƙa, don ubanka, shaƙa!" Matan kasuwa suka saki tulun suna tsaki.

Sai na lura dakan ya tsaya.

Ƙyauren kara ya buɗe, ta fito da taɓarya a hannu, gari a goshinta. Jama'a, yarinya ce. Ba furfura ko ɗaya, wuyanta a miƙe, haƙoranta cif. Autata ta girme ta. Ni da na zo da fuskar tsohuwa a raina, na manta ba ta wuce arba'in ba ranar da muka rabu. Ta duba dama, ta duba hagu, ta leƙa bayan dutsen zama. Sannan ta ga tulun, ta matso, ta ga wata tsohuwa a bayan gilashi, baki ba haƙora, hawaye na bin tamoji.

Ta jingine taɓarya. Ta durƙusa mini har ƙasa.

"Sannu da zuwa, Iya. An zo lafiya? Don Allah ko kin ga wani ɗan yaro a nan? Na ji an kira sunansa yanzu. Uwarsa ce ta tafi da shi, na ce ko sun dawo."

Na ce, "Inna, ni ce. Ni ce Tabawa. Inna, ki yafe mini." Na faɗa, na sake faɗa, na ɗora tafin hannu a gilashi. Tana kallon bakina yana motsi, ta ɗan karkata kai irin na mai jin tausayin tsohuwar da ta rikice.

"Bari in kawo miki ruwa, Iya," ta ce. Ta miƙe ta shiga zaure.

A daidai nan ɗan nan ya laluba ya ja ƙarfen da ke sakin nauyin da ke ɗaure a gindin tulu. Na ji ƙugum a ƙasa, tulun ya yi sama. Na ga rufin zauren, na ga tsakar gidan daga sama, turmi da gero a ciki, na gan ta ta fito da ƙwarya a hannu biyu tana dube-dube a inda muka tashi. Sai duhu ya rufe.

Robar nan muka dinga karɓa-karɓa, shi numfashi uku ni uku, har 'yar tukunyar ta ƙare. Ruwan ya koma na tsamiya, ya koma kore, sai rana ta faɗo cikin gilashi. Na kai hannu ga murfi, ya riƙe mini wuyan hannu.

"A'a, Iya. Iskar da kika zuba ɗazu tana nan a matse. In kika kwance shi yanzu zai tashi da kanki, kunnuwanmu su fashe. Sai a hankali."

Ya murɗa wani ɗan famfo a sama, ya hau fito kamar buta. Muna zaune, sama na bayan ƙarfe kaurin yatsa, ƙirjina kamar an ɗora dutsen niƙa, muna kallon balan-balan yana kumbura kaɗan-kaɗan. Ban taɓa jin tsawon lokaci irin wannan ba. Da ya cika zobensa, fiton ya mutu, ya kwance murfi ya tura.

Iskar duniya ta faɗo mana, da warin kifi da hayaƙin wani mai gasa masara a can gaɓa. Muka kwanta muna haki kamar waɗanda aka koro. Masunta na ta ihu suna tuƙo kwalekwale.

Can ya ce, yana kallon ƙasa yadda ya saba, "Iya, ni ban ga komai ba. Tun kasuwa barci ya ɗauke ni. Kin same ta?"

"Na same ta."

"Kun yi magana?"

"Mun yi."

Sannan, da wata murya wadda ba ta mai furfura ba, ya ce, "Ta tuna da ni?"

Na gyara lulluɓina na juya wajen ruwa.

"Ta ce a gaishe ka. Ta ce ka girma, ta ji daɗi."

Ƙaryar da na taɓa yi masa ke nan tun da na haife shi, kuma ko a gaban wa aka tsayar da ni ba zan janye ta ba.